Iyaye da Lakwal: Taimakon Yaro Mai Buƙata ta Musamman

A ƙauyukan Agiye da Gazawa da Gidan Rumji akwai yaran da karatu yake yi wa wuya fiye da tsaransu. Wani ba ya ji sosai, wani ba ya ganin allo daga nesa, wani ƙafa ce ta shanye, wani kuma yana da jinkirin fahimta. Sau da yawa akan ce musu daƙiƙai, ko a tsare su a gida.

Daga ina matsalar take?

Sanƙarau yana iya kurmantar da yaro. Ƙyanda da ƙarancin bitamin A suna lalata ido. Shan-inna tana shanye ƙafa. Tamowa tun yaro yana goye tana rage kaifin ƙwaƙwalwa. Farfaɗiya ciwo ce da ake sha wa magani, kuma ba a ɗaukarta ta hanyar taɓawa ko zama tare.

Me doka ta ce?

Dokar ilimi ta 1998 ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan Nijar ne. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Saboda haka ɗanka yana da gurbi a aji kamar kowa.

Aikinka

Ka kai shi likita a duba ido da kunne. Ranar rubuta suna, ka faɗa wa malam gaskiyar halinsa, kada kunya ta hana ka. Ka roƙa a zaunar da shi a gaba, kuma malam ya riƙa fuskantarsa in yana magana. Ka samo masa abokin tafiya daga maƙwabta. Da maraice ka sa ya nuna maka allonsa. Abin da ka koya a ajin yaƙi da jahilci ya isa ka duba baƙaƙe da lissafi. Ɗiya mace ma haka, kada talla ta cinye lokacinta.

Aikin gari

Kwamitin kula da makaranta, wanda aka sani da COGES, ya haɗa iyaye da malamai. Ka halarci taronsa, ka nemi a ƙidaya yaran da ke zaune a gida, a gyara ƙofar aji da makewayi. Ƙungiyar uwaye ta fi kowa sanin gidajen da ake ɓoye yaro.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka ziyarci malam ko da sau ɗaya a wata, ka tambaye shi abin da ɗanka ya iya da abin da ya rage.