Jar Akuyar Sakkwato da Sunayen Aro Uku

A 'yan shekarun nan, manyan kamfanonin Turai da Amurka masu sayar da tufafi da takalma da jakunkunan mata sun ɗauki wata al'ada ta buga rahoto duk shekara, inda suke bayyana wa duniya cewa ba su cutar da ma'aikaci ba, ba su ɓata ruwan shan kowa ba, kuma suna sane da haƙƙin al'ummar da suke cin arziki da guminta. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mutumin Wamakko da rahoton da aka buga a Faris ko Milan? To, da ruwanmu, domin kuwa wani kaso na fatar da ake ɗinka waɗannan kaya da ita daga garken gidajenmu yake fita. Jar akuyar nan da ke ɗaure a turke a Gumbi da Dundaye da Kalambaina, fatarta na cikin fatun awaki da masana jima suka fi yabawa a duniya, saboda laushi da ƙarfi da kyawun ido. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne mu bi sawun wannan fata a tarihi, mu ga yadda aka yi ta daɗe tana tafiya da sunan wasu, da kuma abin da rashin sunan ya jawo mana.

Sana'ar fata ta girmi birnin Sakkwato kansa, wanda Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Alhasan Alwazzan, matafiyin nan da Turawa ke kira Liyo na Afirka, ya kammala littafinsa a 1526, kuma a ciki ya ambaci dukawan ƙasar Gobir masu ɗinka takalman da ake kaiwa har Tambutu da Gawo. Bayan jihadi, da hanyoyi suka haɗu ƙarƙashin daula ɗaya, sai fatun Sakkwato da Zamfara da Gobir suka riƙa kwarara zuwa kasuwar Kurmi ta Kano. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya ga yadda ake lodin takalma da jajayen fatu zuwa Tarabulus. Ayari kan tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Agadas da Gat da Gadamus, tafiyar watanni a bayan raƙumi, kuma Larabawan Gadamus mazauna Kano su ne ke riƙe da akalar cinikin.

A nan aka yi mata sunan aro na farko. Baturen da ya sayi fata a gaɓar Bahar Rum bai san Rima ba, bai san Gobir ba. Tashar da ya saya ita ya sani. Saboda haka duk wata lallausar fatar akuya da ta fito daga wannan gefe sai ya kira ta fatar Maroko. Gaskiya ne mutanen Fas da Marrakish su ma majema ne na asali, kuma suna jeme tasu, ba za mu yi musu ƙwace ba. Amma wani kaso mai yawa na abin da ya shiga Turai da wannan suna, a ƙasar Hausa aka yi kiwonsa, aka jeme shi, aka rina shi.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan yadda kakanninmu ke jima, domin a nan zancen ya fi daɗi. Majemi kan jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare shi, sannan ya sa ta a ruwan fataka ko na kashin kaji don ta yi laushi. Daga nan sai a daka bagaruwa a jiƙa a kwatarniya, a tsoma fatar, a yi ta juyawa ana murzawa har ta sha. In ta sha sai a wanke, a shafa mai, a shanya, a ja ta har ta saki jiki. Rini kuwa, ja daga karan dafi ake samunsa tare da kanwa, rawaya daga gangamau, baƙi kuma daga kashin maƙera. Duk cikin waɗannan babu abin da aka sayo daga wata ƙasa, kuma bagaruwa 'ya'yanta ake tsinka, ba a sare itacen. Daga hannun majemi sai ta wuce wurin baduku, wanda zai fitar da kube da laya da linzami da titimi, da kuma gafaka da tadarishi waɗanda malamai ke adana littattafai a ciki. Mu marubuta sai mu tuna cewa rubuce-rubucen malamanmu na ƙarni na 19 da suka iso gare mu, a cikin fatar akuya da yawansu suka kwana suka tashi.

Abin sha'awa, littattafan Ingila su ma sun ci moriyarta. A ƙarshen ƙarni na 19 masu kula da ɗakunan karatu na can suka lura bangon littattafansu na fata yana rududdugewa ya zama jar ƙura, har aka kafa kwamitin bincike, wanda ya ɗora laifi mai yawa a kan ruwan asid da masana'antun jima na zamani ke amfani da shi. A daidai lokacin ne wani gwanin ɗinkin littafi mai suna Douglas Cockerell ya rubuta a littafinsa na 1901 cewa fatar da ya fi jin daɗin aiki da ita, ita ce wadda kamfanin Royal Niger ke kawowa daga Afirka. Jimar bagaruwa ce ta majeman ƙasarmu, waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba. To amma da wane suna ta shiga kasuwa? Fatar Neja, wato sunan kogin da kamfanin ya biyo da ita. Sunan aro na biyu ke nan.

Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, layin dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929 ya tsaya, bai ƙaraso mu ba. Da wannan aka kashe kasuwar ayari, haja ta juya ta fuskanci Ikko. Amma babban canjin da ya auku ba na hanya ba ne. Kamfanoni irin su John Holt da UAC sun fi son ɗanyar fata busasshiya, domin masana'antun Turai da Amurka sun riga sun koma jima da sinadarin kurom, wanda wani Ba'amurke mai suna Schultz ya yi rajistar dabararsa a 1884, kuma yana gama cikin yini ɗaya ko biyu abin da bagaruwa ke ɗaukar kwanaki. Wato aikin jima da rini, wanda a nan ribar take, ya ƙaura zuwa ƙasashensu, mu kuma aka bar mu da kiwo da fiɗa.

Kada mu yi wa gwamnatin wancan zamani rowar gaskiya: ta kula da ingancin fata ƙwarai. An sa malaman fata suna zagaya kasuwanni, an koya wa rundawa fiɗa ba tare da wuƙa ta huda fata ba, an gina rumfunan shanya a inuwa, har an riƙa dandaƙe bunsuran da ba jajaye ba don kada irin ya gauraya. A Maraɗi ma Faransawa sun yi makamancin haka, kuma bayan samun 'yancin Nijar aka kafa cibiyar kiwon jar akuya a can, inda suke kiranta jar akuyar Maraɗi. Sai dai duk wannan ɗawainiya don fatar aka yi ta, ba don mai fatar ba. Farashi a Landan ake yanke shi, a aiko wa wakilin kamfani, shi kuma ya gaya wa dillali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan 1960 aka yi ƙoƙarin dawo da aikin jima gida. Manyan masana'antu suka tashi a Kano, a Bompai da Sharaɗa da Calawa, aka kafa cibiyar binciken fata a Samarun Zariya, daga baya kuma gwamnatin tarayya ta sa ɗanyar fata cikin jerin kayan da aka hana fitarwa waje. Wannan ya samar wa dubban mutane aiki, ba mu musa ba. Amma jimar da ta dawo ba ta bagaruwa ba ce, ta kurom ce, kuma da dattinta ta dawo. Masu bincike na jami'o'inmu sun sha auna ruwan kogin Calawa suna samun guba daga abin da masana'antu ke kwararowa, alhali da wannan ruwa manoman rani ke ban ruwa, dabbobi kuma ke sha. Fatar da aka jeme a nan mafi yawanta Italiya da Sifen take nufa, a yanka ta, a ɗinka, a buga mata tambarin cewa a Italiya aka yi. Sunan aro na uku ke nan, kuma shi ya fi sauran tsada.

To, ina alhakin da kamfanonin ke cewa sun ɗauka? Bari mu duba abin da ya faru a wata ƙasa don mu gane yadda abin ke aiki. Ranar 24 ga Afrilu, 2013, wani bene mai suna Rana Plaza ya rufta a kusa da Dakka ta ƙasar Bangaladash, ya kashe mutum 1,134, akasarinsu mata masu ɗinka wa kantunan Turai da Amurka tufafi. Kamfanoni da dama sun so su noƙe, amma aka riƙa tsintar tambarinsu a cikin ɓaraguzai, manne a wuyan riguna. Dole ta sa fiye da kamfanoni 200 suka sa hannu a yarjejeniyar duba lafiyar gine-ginen masana'antu, aka kuma tara diyya ta Dala miliyan 30 zuwa 2015. Abin lura a nan shi ne, ɗan ƙyallen da ke ɗauke da suna shi ya kama su. Fata kuwa ba ta da wuyan riga. In kifi ya mutu a Calawa, ko lebura ya kamu da ciwon fata saboda shiga ruwan sinadari ba takalmi, babu tambarin da za a tsinta a nuna wa duniya.

Su kansu kamfanonin sun san inda gizo ke saƙa. A 2011 kamfanin takalma na Puma ya buga lissafin ɓarnar da harkarsa ta yi wa muhalli a shekarar 2010, ya ƙiyasta ta a Yuro miliyan 145. Kashi 6 cikin 100 kacal ne ya fito daga ofisoshinsa da kantunansa, fiye da rabi kuwa daga tushe ne, wato wuraren da ake samar da fata da auduga da roba. Akwai kuma ƙungiyar Leather Working Group da aka kafa a 2005, wadda ke bincikar masana'antun jima tana ba su shaida, kuma wannan ci gaba ne da bai kamata a raina ba. Amma ƙarfin binciken a cikin katangar masana'anta yake. Daga ƙofarta zuwa baya akwai babban dillali, da ƙaramin dillali, da ɗan fata mai yawo kasuwa-kasuwa da buhun gishiri daga Acida zuwa Illela, da mahauci, sannan a can ƙarshe macen da ta yi kiwon. Domin kowa ya sani a ƙasar nan akuya dukiyar mata ce: da ita ake yi wa ɗiya kayan ɗaki, da ita ake biyan kuɗin asibiti. Ranar da za ta sayar, nama ake tayawa. Ba ta taɓa jin an ƙara mata ko sisi don jar fata ba.

Wani abin da ke ba mu dariya mai ciwo shi ne, yanzu kantunan can suna tallar fatar da aka jeme da itatuwa a matsayin sabon abu mai kare muhalli, suna tsawwala mata kuɗi. Ga majeman Sakkwato da na Kano suna nan da kwatarniyarsu da bagaruwarsu, ga dukawan Shiyar Maɗunka suna ɗinki, amma ba su da takardar shaidar da za ta kai su waccan kasuwa, kuma kuɗin samunta ya fi ƙarfinsu. Ba mu ce jimar gargajiya ba ta da aibi ba. Duk wanda ya ratsa ta majema ya san wari, ya kuma ga inda ruwan ke bi. Amma gyaran magudanar ruwa ya fi sauƙi a kan tsamo kurom daga kogi. Mu kanmu muna da namu kason na laifi, domin mun daɗe muna raina majemi da baduku da mahauci har a wajen neman aure, kuma a cikin tarin littattafan soyayya da muke bugawa da wuya ka ga an ba ɗayansu matsayin tauraro. An bar jar akuya tana gauraya da kowane iri, rumfunan shanya kuma da yawa sun zama tarihi. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin aiwatar da manufar fata ta ƙasa a 2021, muna dai sauraron ranar da zai iso turken akuya.

Masu kare kamfanoni kan ce ba zai yiwu a bi sawun fata ba, tunda daga gida-gida ake tattara ta, ɗaya nan biyu can. Wannan hujja ba ta gamsar da mu ba. Duk shekara bayan Babbar Salla ƙungiyar Izala kan tattara fatun layya daga masallaci zuwa masallaci, a ƙirga a rubuta tun daga unguwa har ƙaramar hukuma har jiha, sannan a bayyana wa jama'a abin da kowace jiha ta kawo da kuɗin da aka samu. 'Yan agaji ne ke wannan aiki, da littafin rasit da biro.