Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa da kuka hallara domin aza harsashin wannan masallaci, mun ga ya dace mu tunatar da ku labarin wani attajiri na ƙasar Kano, don masu hannu da shuni a cikinmu su ga abin da magabata suka yi da tasu dukiyar.

An haifi Alhassan a garin Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, mutanen da aka sani da fatauci. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne. Ya rasu Alhassan yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa Amarya kuma ta tafi Ankara ta ƙasar Gana da nata kasuwanci. Sai riƙonsa ya koma hannun wata dattijuwa mai suna Tata, wadda daga sunanta aka samo laƙabin Ɗantata. Abin lura ne a ce gidan da ya fi kowane shahara da arziki a Kano, sunan mai rainon maraya yake amsawa.

Da ya tasa sai ya shiga fataucin goro. A wancan zamani ayarin fatake kan share watanni a hanyar Gwanja, da jakuna, ga kuɗin fito ga fargabar 'yan fashi. Alhassan yana cikin na farko da suka gane cewa a ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko ya fi sauri. Da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, cinikin gyaɗa ya buɗe, ya zama babban mai saye wa kamfanonin Turawa. Yakan ba yaransa jari su bazu ƙauyuka, shi kuma ya zauna yana bin lissafi da kansa, kwabo bai ɓace masa ba. Labari ya shahara cewa da aka buɗe banki a Kano a 1929, kayan raƙumi 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya.

Duk da haka, mutum ne mai sauƙin ci da sauƙin sutura, ba ya son almubazzaranci. Ya yi aikin hajji tun ana tafiya a jirgin ruwa, ya kuma biya wa waɗansu suka sauke farali. Malamai da almajirai sun ci albarkacinsa, haka ma talakawan unguwa a lokacin salla. Amma a ganinmu, babbar sadakarsa ita ce jarin nan da ya riƙa danƙa wa mutane bisa amana, domin gidaje da yawa a Kano daga nan suka tashi.

Allah Ya yi masa rasuwa ran 17 ga Agusta, 1955, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari, bayan ya yi wa 'ya'yansa wasiyya su haɗa kai. Alhaji Mamuda ya yi hidimar jigilar alhazai, har unguwar Wapa a Fagge ta samo sunanta daga ƙungiyar alhazansa. Alhaji Sanusi, kakan Alhaji Aliko Ɗangote na wajen uwa, ya rasu a 1997. Alhaji Aminu kuwa ya rasu a 2025, aka binne shi a Madina. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, Ya kuma ba waɗanda suka ɗauki alkawarin gudummawa yau ikon cikawa, mu ga an kai ginin nan ga rufi. Amin.