Tsawon tsirkiya: wani gefe na tarihin baka a ƙasar Ƙwanni da Adar

Masana tarihin da suka yi aiki a kan wannan yanki, musamman Djibo Hamani da Nicole Echard waɗanda littattafansu a kan Adar suka fito a 1975, sun ba mu labarin sarautu da ƙaurace-ƙaurace da yaƙe-yaƙe. Abin da muke so mu duba a nan ƙarami ne ƙwarai in an gwada shi da waɗannan, watau igiyar da ake ɗaura wa baka, wadda ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo da sunan tsirkiya, wasu kuma su ce tsarkiya. Bakan da muke nufi shi ne na harbi, mai karin sauti ƙasa-sama da dogon wasali a ƙarshe, ba na "adabin baka" ba, ko da yake rubutunmu na yau da kullum ba ya rarrabe su, kuma ɗalibanmu sukan yi tuntuɓe a nan.

A 1804, bayan hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, jama'arsa ta kai hari Matankari da Birnin Ƙwanni. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto, inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranci rundunar da dawakinta kaɗan ne, ta fuskanci Yunfa Sarkin Gobir da barade masu lifidi da Abzinawa. Masu baka ne suka tsayar da dawakin Gobir. Joseph Smaldone ya nuna a 1977 cewa sai daga baya ne doki ya zama ƙashin bayan rundunonin daular Sakkwato. Ke nan makamin talaka da makiyayi da maharbi ne ya ci wannan yaƙi, kuma ƙarfin wannan makami yana rataye ga igiyar fata da aka murɗa.

Matsalar tsawon tsirkiya ita ce wannan. Dole ta gaza sandar baka tsawo, in ba haka ba sandar ba za ta tanƙwaru ba. Amma gazawar tana da iyaka ta kowane gefe. In tsirkiya ta yi gajarta, tazarar da ke tsakaninta da mariƙin baka, abin da Faransawa ke kira « band », sai ta yi yawa: itace yana shan wahala tun ba a ja shi ba, yana iya tsagewa, kuma tafiyar da tsirkiya ke yi tana tura kibiya ta ragu. In kuwa ta yi tsawo, sai ta riƙa dukan tsintsiyar hannun mai harbi, ta yi ƙara, kibiya kuma ta fita tana layi. Ga maharbi a daji, wannan ƙara kaɗai ta isa ta kori barewa.

Maharban Ingila na da suna auna wannan tazara da dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, wajen santimita 15 zuwa 18. A Amurka kuma masu ƙera baka sun tsayar da ƙa'ida a 1968 cewa tsawon baka ya ɗara na tsirkiyarsa da inci 3. Irin wannan ƙa'ida tana aiki ne inda masana'anta ke fitar da bakunkuna iri ɗaya da igiyar da ba ta damu da yanayi ba. A ƙasar Hausa ma'aunin tsawo a jikin mutum yake: taƙi, kamu, gaba. Kamun wane ba na wane ba ne, kuma sandar da aka saro a fadama ba ta tanƙwaruwa daidai da wata.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Fata tana shan laima ta saki da damina, ta ƙanƙance ta ɗame da hunturu. Tsirkiyar da ta yi daidai a watan Janairu ba za ta yi daidai a watan Agusta ba. Saboda haka muna ganin tambayar "kamu nawa?" ba ita ce tambayar maharbi ba. Tsawo abu ne da ake nema kullum: a ƙara murɗi igiya ta gajarce, a warware ta ƙara tsawo, a kwance ƙullin kan baka a sake ɗaurewa, a sassauta in an dawo gida don itace ya huta. Yana da kyau mu tuna cewa watan Yuni farkon damina ne. Waɗanda suka tsaya gaban dawakin Yunfa sun yi harbi ne a lokacin da fata ta fara saki, kuma kibiyar da aka shafa wa dafin kwankwani ba ta da amfani in ba ta kai ba.

A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙwanni ta kashe mutane da yawa, makonni kaɗan bayan karonta da Sarauniya Mangu a Lugu. Bindiga mai harsashi ta fi kibiya nisa, gyaran tsirkiya ba zai cike wannan rata ba. Daga nan baka ya bar fagen fama ya koma hannun maharba da makiyaya, sarautar Sarkin Baka kuma ta ci gaba da riƙe sunan.

Ga masu nazarin harshe, asarar tana wajen fi'ilai. Ƙamus mai harshe biyu yakan ce tsirkiya « corde d'arc », ya wuce. Amma sanin yana cikin ɗaura da ɗame da murɗa da sassauta da ɗana, da kuma yadda kalmar ta ratsa zuwa garaya, abin kiɗan maharba, inda ɗamewa da sassautawa ke sauya murya. Shawararmu ga ɗaliban da za su tafi tattara kalmomi a ƙauyukan Illela da Malbaza da Masalata ita ce kada su tambayi tsoho sunan igiyar kawai. Su roƙe shi ya kwance ta ya sake ɗaurawa a gabansu, su rubuta abin da yake faɗi yayin da hannunsa ke aiki, su rubuta kuma watan da aka yi hirar.