Daga Bindigar Ɗuri zuwa G3 a Ƙasar Damargu

Ƙasar Damargu, wadda a yau ta ƙunshi gundumomin Tanut da Belbeji a jihar Damagaram, ta daɗe tana zaman rumbun geron mutanen Abzin, kuma ta cikinta ayarin fatake ke bi daga Tarabulus da Gat da Agadas zuwa Zinder da Kano. A nan ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya rabu da abokan tafiyarsa a farkon 1851. Hanyar da ta kawo gishiri da takarda ita ce ta kawo bindiga, kuma Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya fi sarakunan yankin gane amfaninta, domin masana tarihi sun ambaci cewa ya tara bindigogi kimanin 6,000 da igwa kimanin 40, ana ƙera wasu a cikin birninsa.

Bindigar wancan zamani ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a tura harsashi, a danna da sanda, sannan ƙanƙara ta ba da tartsatsin da zai tayar da wuta. Gindin bututunta a toshe yake har abada, saboda haka maƙerin gari yana iya gyara kusan duk abin da ya lalace a jikinta. Wannan ne ya sauya sa'ad da aka fara ɗura harsashi ta baya, domin dole ƙofar da aka buɗe ta rufu gam a lokacin harbi, in ba haka ba wutar ta komo fuskar mai harbin. Da irin waɗannan bindigogi sojojin Faransa suka ci Damagaram a yaƙin Tirmini a 1899, da su kuma Kawusan, jagoran tawayen Abzinawa, ya kewaye Agadas daga ƙarshen 1916 zuwa Maris na 1917. Tun daga nan ƙarfin makami ya kuɓuce wa maƙera, ya koma hannun masana'antu na nesa, kuma wannan asara ce da ba a cika lissafa ta cikin asarorin mulkin mallaka ba.

Cikin dabarun rufe gindin bindiga, wadda ta fi ban sha'awa ita ce ta wasu 'yan ƙarafa biyu masu siffar ganga, waɗanda ke mirginawa a gefen sakatar, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kuma tokare shi. Jamusawa suka fito da ita fili a bindigarsu mai jigida, MG 42, ta shekarar 1942. A cikinta 'yan ƙarafan suna fita waje su shige gurabensu, su haɗe sakata da bututu wuri guda, har sai duka biyun sun ja da baya kaɗan sannan a maido su ciki kulle ya saki.

Kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare, injiniyoyin kamfanin Mauser suka lura cewa ba lalle ne a kulle sakatar ba, jinkirta buɗewarta ma ya isa. Ɗaya daga cikinsu, Ludwig Vorgrimler, ya ci gaba da aikin a Sifen, aka samu bindigar CETME, daga gare ta kuma aka samu G3 ta kamfanin Heckler & Koch, wadda rundunar Jamus ta Yamma ta ɗauka a 1959. A cikin G3 bututu ba ya motsi ko kaɗan. Idan aka harba, kwanson harsashi yana tura kan sakata baya, amma kan ba zai wuce ba sai 'yan ƙarafan sun bar gurabensu sun matso ciki, matsowar tasu kuwa sai sun ture wani ƙarfe mai tsini da ke tsakaninsu, wanda ke haɗe da gangar jikin sakata mai nauyi. Saboda karkatar fuskokinsa, gangar jikin tana tafiya ninki huɗu na tafiyar kan, kuma wannan wahalar turawa ita ke cinye ɗan lokacin da harsashi ke buƙata ya bar bututu. An kuma yi wa mazaunin harsashi 'yan tsage a tsaye domin kada kwanso ya manne, shi ya sa kwanson G3 ke fitowa da baƙaƙen layuka a jikinsa, alamar da duk wanda ya saba da ita yake ganewa da kallo ɗaya.

G3 ta bazu sosai, an ƙera ta da izini a Pakistan da Iran da Turkiyya da Fotugal, tana kuma cikin bindigogin da rundunonin Nijar da Najeriya suka riƙe. Sai dai ba ita ta mamaye jejin arewacin Tanut ba. A tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, da kuma bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, Kalashnikov ce ta fi yawa, wadda ke aiki da ƙarfin hayaƙin harbi da sakata mai juyawa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shigo bayan 2011 sun biyo ta hamada ne daga Libiya, kusan hanyar da bindigogin Tanimu suka bi.