Shari'ar Auduga: Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Duk lokacin da Ranar Auduga ta Duniya, 7 ga Oktoba, ta zagayo, akan yi jawabai a baje kolin yadudduka, amma na ga ya kyautu mu waiwayi asalinta, domin ranar nan 'yar husuma ce, ko da yake galibin masu bikinta sun manta. Ƙasashe huɗu ne suka nemi a keɓe ta, watau Benin da Burkina Faso da Cadi da Mali, aka fara bikinta a Janeba a 2019, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar da ita a 2021. Su ne kuwa waɗanda suka miƙe a gaban manyan duniya a 2003, suka ce baitulmalin Amurka na talauta manomansu.

Duk wanda ya taɓa kai auduga fuloti, a Funtuwa ne ko a Gusau, ya san kuɗin da za a ba shi an riga an yanke shi a wata kasuwa mai nisa wadda bai taɓa takawa ba. To, idan wata gwamnati mai wadata ta yi wa manomanta alkawarin cike musu giɓi duk lokacin da kasuwa ta faɗi, ta kuma biya fatakenta lada a kan kowace dilar da suka fitar waje, manoman nan ba su da dalilin rage shuka ko da farashi ya karye, sai kaya su yi ta kwarara, asarar kuwa ta faɗa kan wanda ba shi da gwamnatin da za ta tallafe shi. Amurka ta fara irin wannan tallafi tun 1933, zamanin Shugaba Roosevelt, yarjejeniyar ciniki ta 1947 kuma ta kau da kai daga sha'anin noma, har sai da Turai da Amurka suka gaji da gasar zubar da rarar alkama da man shanu cikin shekarun 1980, sa'an nan aka zauna shawarar da ta ƙare a Marakish a 1994, wadda ta haifi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO. A cikin yarjejeniyar manyan suka cusa wani sharaɗi, cewa ba za a kai ƙarar tallafinsu ba sai bayan 2003, muddin bai zarce abin da suka ƙayyade a 1992 ba.

A kakar 2001 zuwa 2002 farashin auduga ya faɗi ƙasa warwas, irin faɗuwar da aka yi shekaru da dama ba a gani ba. Ƙungiyar agaji ta Oxfam ta yi lissafi a 2002, ta ce manoman auduga na Amurka, su kimanin 25,000, sun karɓi dala biliyan 3.9 a kaka guda, watau fiye da kimar audugar da suka noma, alhali kuwa mutum wajen miliyan 10 a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da ita suka dogara. Abin takaicin shi ne, manomin Sikaso a Mali ko na Mundu a Cadi, da garmar shanunsa da iyalinsa masu cira da hannu, ya fi mai injin Texas arhar noma nesa ba kusa ba. Ana cikin haka, wata shida kacal bayan an yi alkawari a Doha cewa sabon zagayen shawarwarin WTO na raya ƙasashe matalauta ne, sai Shugaba Bush ya sa hannu a dokar noma ta Mayun 2002, wadda ta ƙara tallafin.

Daga nan masu kuka suka rabu hanya biyu: Barazil, wadda ita ma ke noman auduga, ta nufi kotun WTO, 'yan Afirka suka nufi zauren shawarwarinta. A watan Yuni na 2003 Blaise Compaoré, shugaban Burkina Faso na lokacin, ya taka da ƙafarsa zuwa Janeba, ya gabatar da buƙatar ƙasashen huɗu, cewa a janye tallafin auduga cikin shekara uku, kafin nan kuma a biya manomansu diyya. Hujjarsu ta yi nauyi, domin ba sadaka suka roƙa ba. Ƙa'idar kasuwa da Bankin Duniya ya daɗe yana karantar da su ita suka mayar wa malamansu, suka ce a yi aiki da ita a kan kowa.

A taron ministocin WTO a Kankun ta ƙasar Meziko aka yi ta ta ƙare, daga 10 zuwa 14 ga Satumba. Taron ya buɗe da mummunan fali, domin a ranar farko wani manomin Koriya ta Kudu, Lee Kyung-hae, ya daɓa wa kansa wuƙa a bakin shingen 'yan sanda, ya mutu. Wakilai da yawa suka yi ta yabon buƙatar 'yan Afirka a zaure, amma da shugaban taro, Luis Ernesto Derbez, ministan harkokin wajen Meziko, ya fito da daftarinsa ranar 13, sai aka ga babu wa'adin janye tallafi, babu diyya. Abin da ke ciki kusan ra'ayin Amurka ne, cewa a haɗa maganar da ta zaren roba da masaƙu, a kuma taimaki ƙasashen su nemi wata sana'a. Watau mai gaskiya aka ce ya bar gona. Kashegari Derbez ya rufe taron ba tare da an daddale kome ba.

A kan dalilin rushewar nan riwayoyi sun saɓa. Wakilin Amurka, Robert Zoellick, ya ɗora laifin a kan ƙasashen da ya ce ƙi kawai suka zo yi. Waɗansu suka ce abin da ya kashe taron shi ne batutuwa huɗu da ake kira na Singafo, irin su dokokin zuba jari da na gasar kamfanoni, waɗanda Tarayyar Turai da Japan da Koriya suka nace a kansu, har Pascal Lamy na Turai bai sassauta ba sai da lokaci ya ƙure. Waɗansu kuma suka zargi Derbez da gaggawar tashi. A zahiri, haƙiƙa a kan batutuwan Singafo aka watse. Amma ni abin da na fi rinjayarwa shi ne, daftarin auduga ne ya ƙona zukata tun daren ranar 13, domin wanda aka mayar da kukansa wasa da yamma, ba a sa ran ya wayi gari yana sassauci a kan buƙatar wanda ya yi masa dariya.

Ita kuwa Barazil, tun Satumban 2002 ta shigar da ƙara, bisa nacin wani jami'in ma'aikatar gona, Pedro de Camargo Neto, bayan an lura cewa Amurka ta zarce iyakar 1992, saboda haka garkuwarta ta faɗi. Benin da Cadi suka shiga a matsayin masu ruwa da tsaki. A 2004 alƙalai suka ba Barazil gaskiya, a Maris na 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar: kuɗin da ake biyan masu fitar da auduga a shirin da suke kira Mataki na Biyu haramtacce ne, haka lamunin bashin fitar da kaya, sauran tallafin cikin gida kuma yana danne farashin duniya. Amurka ta soke Mataki na Biyu a 2006, ta yi ta jan ƙafa a kan saura, har a 2009 aka halatta wa Barazil ramuwa, wadda ta ƙiyasta kimanin dala miliyan 830 a shekara, ciki har da izinin taɓa haƙƙin mallakar magunguna da fina-finai. Nan fa ido ya raina fata, gama masu kamfanonin magunguna da fina-finai sun fi manoman auduga faɗa a ji. A 2010 aka yi sulhu mai ban al'ajabi: maimakon ta daina biyan manomanta, sai Amurka ta yarda ta riƙa biyan wata cibiyar auduga ta Barazil dala miliyan 147.3 kowace shekara, a 2014 kuma ta ba da miliyan 300 aka rufe shari'ar.

Ba na ganin laifin Barazil, gama haƙƙinta ta bi, har ma ta tura masana aikin gona su taimaki ƙasashen huɗu. Ba kuma na cewa tallafin Amurka ne kaɗai ciwon audugarmu: laifi tudu ne, kuma zaren roba, da kamfanonin gwamnati masu jinkirta kuɗin manomi, da masaƙun Kaduna da suka mutu a hannunmu, duk suna da rabonsu. Sai dai hukunci guda ne, cutar ma guda ce, amma wanda ke da kasuwar da zai rufe shi aka biya, waɗanda kuwa ko an ba su izinin ramuwa kansu za su cuta suka tashi da alkawari.

Alkawarin ma a hankali ya zo. A taron WTO na Hong Kong a 2005 aka ce za a daina tallafin fitar da auduga a 2006, a Nairobi a 2015 aka soke tallafin fitar da amfanin gona baki ɗaya, amma tallafin cikin gida, inda kuɗin gaske suke, yana nan, China da Indiya ma sun shiga sahun masu bayarwa. Kotun ɗaukaka ƙarar da ta ba Barazil gaskiya kuwa, tun Disamban 2019, wata biyu bayan bikin Ranar Auduga na farko, ba ta sake sauraron sabuwar ƙara ba, domin Amurka ta ƙi yarda a naɗa mata sababbin alƙalai.