"Ai Haƙori Ne": Tarihin Wani Zargi Da Ya Ci Yara

'Yan uwana mata, iyayen gida da amare, na cikin garin Bagudo da Ka'oje da Illo, har zuwa Lolo da Tsamiya, da ku da ke saurarenmu daga tsallaken iyaka, wajen Segbana ta ƙasar Benin. 

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wata magana da kowaccenmu ta taɓa ji. Yaro na zawo, jiki ya yi zafi rau, sai a ɗaga leɓensa a ce, "Ai haƙori ne, zai wuce."

Bari mu fara da shi haƙorin. Tun yaro na ciki, a wata na biyu, tushen haƙoransa ke fara kafuwa, don haka jinjiri na zuwa duniya da su a ɓoye cikin dasashi. Wajen wata 6 biyu na ƙasa su ɓullo, na sama su biyo baya, sannan turame da fiƙoƙi. Kafin ya cika shekara 3 haƙoran nono sun cika 20. A ƙarƙashinsu kuwa na girma na nan suna ginuwa. Wajen shekara 6 sai a fara famfara, ana yi har zuwa 12. Na ƙarshe, na can ƙurya, sukan fito tsakanin shekara 17 da 25, su cika 32.

To kin ga daga wata 6 zuwa kusan shekara 3, kusan kullum akwai haƙorin da ke hanya. Duk cutar da ta kama yaro a wannan tsakani, in an buɗe bakinsa za a samu abin ɗora wa laifi. A daidai lokacin ne kuma garkuwar da ya samo daga jikin uwa ke raguwa, ya fara rarrafe yana kai komai baki, a fara ba shi kunu da ruwan randa. Nan ne ƙofar zawo. Sauron bakin Kwara kuma ba sai na ba ku labarinsa ba.

Kada ki ɗauka mu kaɗai muka yi wannan zargi. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, babban likitan Girka, wanda Larabawa ke kira Abuƙrat, ya rubuta cewa fitar haƙori na zuwa da zazzaɓi da zawo da jijjiga. Likitocin Turai suka riƙe wannan ƙarni bayan ƙarni. A birnin Landan, a 1842, cikin kowane jarirai 100 da suka mutu kafin cika shekara, kusan 5 an rubuta wai haƙori ne ya kashe su. Har tsaga dasashin yaro suke yi da wuƙa, wai a buɗe wa haƙori hanya.

Da zargi ya kafu, sai kasuwa ta buɗe. Tun wajen 1850 aka yi ta sayar da wani ruwan magani a Amurka da Ingila mai suna Mrs. Winslow's Soothing Syrup. Mofin ne a ciki, mai sa maye da barci. Yaro ya yi shiru, uwa ta ce magani ya yi, wasu yaran kuwa daga barcin nan ba su farka ba. Aka kuma yi garin maganin haƙori mai zaiba a ciki, yana sa tafin hannu da na ƙafar yaro su yi ja suna saɓulewa. Sai da aka cire zaibar a Ingila a 1954 cutar ta kusa ɓacewa.

Mu ma abin ya zo mana har gida. A ƙarshen 2008 aka fara kai yara asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da wasu asibitocin Legas, fitsarinsu ya ɗauke, ƙoda ta tsaya. Bincike ya nuna wani maganin haƙori mai suna My Pikin suka sha, wanda ya gurɓata da sinadarin da ake sawa a man birkin mota. Zuwa Fabrairun 2009 gwamnati ta ce yara 84 sun rasu. Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin, a 2013 kuma kotu a Legas ta ɗaure ma'aikatansa biyu shekara bakwai-bakwai. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba. Tausayi ne ya sa suka saya.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu na bakin iyaka. Kaya na shigowa ta mota da babur da kwale-kwale, wata kwalbar ma rubutun Faransanci ne a jikinta. Ke kuma kina cikin gida, yarinya kika aika ko mai talla ya kawo har zaure, ba ki ga inda aka ajiye ta ba, ba wanda za ki tambaya.

Abin da likitocin yau suka tabbatar shi ne, fitar haƙori na kawo dalala, ƙaiƙayin dasashi, rigima da ɗan ɗumin jiki. Iyakarta ke nan. Wanke hannunki ki murza masa dasashi a hankali, ki ci gaba da ba shi nono. Amma zazzaɓi mai zafi, zawo, amai ko jijjiga, wannan cuta ce daban. In zawo ne, fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, ki sanar da maigida a kai shi asibiti a ranar.

Ku kuma iyayenmu kakanni, ku ake fara nuna wa jika, maganarku ake ji a gida. In kun ce a tafi asibiti, ba mai musa muku.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.