Bado: tsohon gida a cikin furanni

1/
Duk wanda ya taso a Talata Mafara, Bakura ko Maradun ya san bado. Bayan damina sai ka ga ya rufe fuskar tabki da faffaɗan ganye, ga farin fure a kai. Kakanninmu sun ci 'ya'yansa da saiwarsa a shekarun yunwa. Amma ya daɗe yana wahalar da Turawa masana tsirrai. Ku biyo ni.

2/
A 1753 Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, ya jera tsirrai ta hanyar ƙirga zaren da ke tsakiyar fure. Tsarin yana da sauƙi, sai dai yakan haɗa tsirran da ba su haɗa jini ba.

3/
Tsarin da ya fi karɓuwa daga baya shi ne wanda manomi ya sani tun tuni: gero, dawa da shinkafa ganye ɗaya suke fitarwa in sun tsiro, wake da gyaɗa biyu. Gida biyu ke nan. To ina za a sa bado? Ƙwayarsa ta yi kama da ta masu ganye biyu, cikin jikinsa kuma kamar na masu ɗaya. Aka yi ta ja-in-ja.

4/
Sai tambaya ta gaba: wane fure ne ya fara zuwa duniya? A 1879 Darwin ya rubuta wa abokinsa Hooker cewa yadda furanni suka bazu da sauri ya ɗaure masa kai. Bajamushe Engler ya ce ƙananan furanni marasa ado su ne na fari. Ba'amurke Bessey, a 1915, ya ce a'a, manya ne masu yalwar ganyen fure.

5/
Labarin ya taɓa mu fa. J. M. Dalziel, likita ne da ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya buga a 1916. Daga 1927 shi da John Hutchinson suka fara fitar da kundin tsirran Afirka ta Yamma. Ra'ayin Hutchinson ya fi kusa da na Bessey, shi ya sa dangin gwandar daji suka zo a sahun farko. (Waɗanda suka faɗa wa Dalziel sunayen dai ba su ne aka tuna ba.)

6/
Gwajin ƙwayoyin gado ne ya raba gardama. A 1998 aka fito da sabon tsari mai suna APG, a 1999 bincike ya nuna reshen da ya fara rabuwa shi ne Amborella, wani ɗan icce da ba ya fitowa ko'ina a daji sai tsibirin Niyu Kaledoniya. Mai bi masa? Dangin bado. Sun ware tun kafin a yi gidan gero da gidan wake, sama da shekaru miliyan 100.

7/
Gwandar daji, kimba da masoro su ma tsofaffin gida ne, amma nasu reshen ya biyo baya. Yajin da ke ɗakin girkinmu ke nan.

8/
Ni kalmar “na dauri” ce ban yarda da ita ba. Badon yau ba kakan shinkafa ba ne, ɗan'uwanta ne na nesa, shi ma ya sha nasa sauyin.

9/
Abin da ke damuna gida ne. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, ambaliyar da ke cika fadamun da ke ƙasa da ita ta ragu. Bado kuwa sai ruwa ya kwanta yake rayuwa. Ku tambayi dattijan garinku tabki nawa suka sani da ya ƙafe, ku rubuto min sunayensu a ƙasa.